Garmahon Baba yana ƙugi amma faifai ba ya tafiya daidai: ana iya gyara shi a gida?

"Assalamu alaikum. Malam, ina Mabera a nan Sakkwato. Muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu sai na tarar da garmahonsa na lantarki, ƙirar Japan, da kwali guda cike da faya-fayai. Ya fi shekara 20 ba a taɓa shi ba. Da na jona shi na ji moto na ƙugi, amma farantin bai motsa ba. Na ɗaga farantin na ga robar ta narke ta zama baƙin danƙo. Na yanko zobe daga tsohon tif na mota na sa, ya juya, amma muryar mawaƙin na jan jiki, sautin can ƙasa-ƙasa, ga gurnani cikin lasifika. Wani ya ce moton ne ya mutu, in haƙura. Wanga abu na gyaruwa a gida?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Matsala uku ka kawo a dunƙule: farantin da ba ya juyawa sai da dabara, muryar da ke jan jiki, da sautin da ke fitowa a raunane tare da gurnani. Kowacce da sababinta daban. Wanda ya ce maka moto ya mutu bai saurari bayaninka ba, don mataccen moto ba zai ja faranti da robar tif ba ko da a hankali ne. Yawancin aikin da ke gabanka ana gama shi da sifirit, auduga, man keken ɗinki da haƙuri. Amma daga yau ka daina ɗora faya-fayan nan a kai har sai mun zo maganar allura. Injin in ya ƙi gyaruwa akwai irinsa birjik a duniya. Faifan makaɗin fada ko na noma da aka buga a Legas a shekarun 1970 kuwa, mai yiwuwa ba a sake buga shi ba, in tsohuwar allura ta kankare shi babu mai mayar maka.

Garmahon lantarki iri uku ne ta fuskar yadda moto ke juya faranti. Akwai mai 'yar tayar roba da ke shiga tsakanin moto da bakin faranti, irin Garrard da BSR na Ingila da ke cikin manyan rediyogiram na katako. Akwai wanda moton ke riƙe da faranti kai tsaye, irin Technics SL-1200 da ya fito a 1972. Sai naka, mai bel. Irinsa ne suka shiga gidajen ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, lokacin ƙarin albashin Udoji: su Pioneer, Sansui, Akai, Kenwood. A wajen mai gyara, mai bel ya fi sauran daɗin sha'ani, don abin da ke cikinsa kaɗan ne. Ƙaramin moto ne a gefe, da ɗan fuli a kansa, bel ya taso daga nan ya zagaye da'irar da ke ƙarƙashin faranti. Da gangan aka zaɓi roba, don ta shanye karkarwar moto kada ta kai ga allura. Ka san injin markaɗe in bel ya saki: injin na ta ihu, markaɗe ya tsaya cik. Abin da ka gani ranar farko ke nan.

Kafin ka sake jona shi

Juya bayansa ka karanta ɗan allon da ke manne, ka rubuta abu uku a takarda: lambar ƙirar injin, ƙarfin wutar da yake ci, da lambar da ke gaban Hz, wato yawan bugun wuta a daƙiƙa. Wutarmu 230V ce, 50Hz. Kayan da aka yi don Amurka 120V ne da 60Hz, na cikin gidan Japan 100V. Wasu na da ɗan makunni a baya ko ƙarƙashin faranti da ake zaɓar ƙarfin wuta da shi, ka tabbata yana kan 220 ko 240. In allon ya ce 120V ko 100V kaɗai, kada ya sake ganin wuta sai ta cikin taransifomar rage ƙarfi. Duba wayar wutar ma, ko ta tsattsage ko ɓera ya ci. Kuma duk lokacin da hannunka zai shiga ciki, filogi na waje, ba kashe makunni kawai ba. Kada ka yi mamaki in ka tarar da gidan zanzaro a jikin moto, kayan da suka daɗe a ɗakin ajiya haka ake kawo mini su.

Bel

Roba ba ta son zafi, ba ta son zama wuri ɗaya. Ka ƙiyasta ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40, shekara bayan shekara. Wata robar bushewa take ta tsage, wata ta saki ta ƙara tsawo, wata ta narke irin taka. Taka ta fi ɓata rai, don babban aikin ba sa sabon bel ba ne, wankin wurin ne.

Fara kankare danƙon da tsinke ko gefen tsohon katin roba. Kada wuƙa ko reza ta taɓa wurin, musamman fuli. Ka matso da fitila ka dube shi: ɗan ƙarfe ne mai hawa biyu, siririn hawan na gudun juyi 33 a minti, mai ɗan kauri na 45, kowanne da ɗan tudu a tsakiya wanda ke riƙe bel kada ya zame sama ko ƙasa. Kaurin nan shi ne ma'aunin gudun injin gaba ɗaya. In ka karce shi ka rage shi, in ka bar danƙo a kai ka ƙara shi. Bayan kankara sai sifirit na kemis da tsumma mai tsabta, kana canja wuri a tsumman, har sai farin tsumma ya fito fari. Haka za ka bi da'irar ƙarƙashin faranti duka, da ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ke tura bel daga hawa zuwa hawa in ka canja gudu. Fetur da tina na cire danƙo da sauri, amma suna cin fenti da roba mai tauri, ka bar su.

Robar tif ba za ta gaya maka gaskiyar injin ba. Bel na asali faɗinsa wajen milimita 5 ne, kaurinsa wajen rabin milimita, kuma an yi shi daidai wa daida ta ko'ina. Tif ya ninka wannan kaurin. Da yake fuli ɗan mitsitsi ne, kaurin bel na shiga lissafin gudu, mai kauri kan sa injin ya yi sauri. In kuma ya ɗame da yawa sai ya shaƙe moto, ya ja shi gefe guda, gudun ya ragu, gidan sandar moton ya cinye. Ga yankan almakashi da ba ya zuwa daidai, wani wuri faɗi wani wuri siriri, shi ya sa murya ke lilo. Cire shi yau.

Hanya mafi sauƙi ta samun bel ita ce nema da lambar ƙirar injin. In hakan ya gagara, sami zare marar miƙewa ka bi da shi hanyar da bel ke bi, ka yi alama, ka auna da tef ɗin tela, sannan ka rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Zare ya ba ka santimita 62, ka nemi bel mai 59 ko 60. Da yawa daga injinan Japan na wancan zamani a wannan kewayen suke, amma ka auna, kada ka saya da zato. Tsofaffin masu gyaran rediyo a Tsohuwar Kasuwa sun cancanci tambaya, ko da yake abin da ya fi yawa a akwatinsu bel ɗin kaset ne, gajere mai kusurwa huɗu, wanda ba zai yi maka ba. In ba a dace ba sai Sabon Gari a Kano, ko Alaba a Legas, ko oda ta intanet. Ka kula da abu ɗaya: bel ɗin da ya shekara 30 cikin ledarsa a shago tsoho ne, ko da ba a taɓa sa shi ba. Ja shi a hankali ka gani ko yana komawa nan take. Za ka ji ana cewa a dafa bel cikin ruwan zafi ya tsuke. Yana yi wa wanda ya saki kawai, na ɗan lokaci.

Wajen sawa, wanke hannu tukuna, don maiƙon yatsa ma na sa zamiya. Zagaya bel a da'irar faranti, ka saƙala ɗan zare ko ƙyalle a ƙarƙashinsa daidai ɗaya daga ramukan farantin, ka mayar da farantin, ka juyo ramin kan moto, ka ja bel da zaren ka ratsa shi ta bakin ƙarfen nan ka ɗora a fuli. Juya da hannu sau uku ko huɗu ka ga bai murɗe ba.

Man da ya bushe

Kafin ka sa sabon bel, yi wannan gwajin. Ɗora faranti babu bel, ka juya shi da yatsa ka saki. Lafiyayye zai daɗe yana juyi shi kaɗai, shiru. In ya tsaya nan da nan ko kana jin gurzawa, man sandar tsakiya ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu. A cikin waɗanda ake kawo mini da kukan jan murya, wannan ne ke bin bel a yawa.

A yawancin injina sandar na zarewa sama, wasu sai ka kwance ɗan sukuru a gefen gidanta. Ka yi a kan tire, don a ƙasan ramin sau da yawa akwai ƙwallon boris guda ɗaya ɗan ƙarami, yakan manne wa sandar ya fito, in ya faɗi tsakar gida ka shiga nema. Wanke sandar da ramin da sifirit da auduga a kan tsinke, ka bar su su bushe sarai, sannan ɗigo biyu ko uku na man keken ɗinki. In ka mayar da sandar za ka ga tana sauka a hankali, iska ce ke fita ta gefe. Kada ka danna ta da ƙarfi, bar ta ta zauna da kanta. Wasu injinan giris mai laushi aka sa musu tun asali, in ka tarar da giris ka mayar da giris. Man gyaɗa da man ja ba su da wuri a nan, danƙo suke zama. Baƙin man mota ma haka.

Moton kansa ɗigo ɗaya ya ishe shi, a gindin sandarsa ƙarƙashin fuli, da bakin tsinke, sannan ka sake goge fuli da sifirit. Duba kuma robobin da moton ke zaune a kai. Zafi na lalata su kamar yadda ya lalata bel, moto ya karkace, bel ya riƙa hawa yana faɗowa. In injin mai mayar da hannun allura da kansa ne a ƙarshen faifai, tsohon giris ɗin da ke kan giyoyinsa ya daskare. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, ka wanke, ka shafa sabo kaɗan.

Ƙirga juyi

Yanzu sabon bel na kai, mai ya shiga. Kada ka dogara da kunne. Manna ɗan farin tef a bakin faranti, ka sa agogon waya, ka ƙirga sau nawa ya wuce ta gabanka cikin minti 3. A gudun 33 da sulusi, na manyan faya-fayan da kamfanin Columbia ya fito da su a 1948, lissafin 100 ne cif. A gudun 45, na ƙananan da RCA ta kawo a 1949, 135 ne. Ka yi sau biyu.

Lambar da ka samu ita ke nuna inda cutar take. In ka samu tsakanin 99 da 101, ka gama. In yau 96 gobe 99, saura datti ko bel bai dace ba. Amma in kullum wajen 83 kake samu, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, to koma ga takardar nan da ka rubuta. Da yawa daga injinan farkon shekarun 1970 motonsu na bin bugun wutar gari ne kai tsaye. Wanda aka yi wa fuli don 60Hz, in ka ba shi 50Hz, zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa, wato wajen 28 a minti maimakon 33. Taransifoma ba ta gyara wannan, ƙarfin wuta take ragewa, ba ta taɓa bugunta. Maganin shi ne fuli na 50Hz, wanda ya fi kauri da kashi 20 cikin 100. Wasu injinan da aka yi don fitarwa ƙasashen waje na zuwa da fuli na biyu a ɗaure ƙarƙashin faranti, ka leƙa. Naɗa salatif a kan fuli don ƙara masa kauri dabara ce da nake gani, ban kuwa yarda da ita ba: wurin da bakin salatif ya haɗu na buga bel a kowane juyi, kuma zafi na narkar da gam ɗin ya koma kan sabon bel.

Irin wannan moton yana da wata matsala a wajenmu. Ƙaramin janareta ba ya tsayawa a kan 50Hz, gudunsa na hawa da sauka duk lokacin da firij ko famfon ruwa ya tashi, garmaho kuma sai ya bi shi. Sitabilaiza ba ta hana wannan. Mutum zai yi ta kwance lafiyayyen inji alhali laifin na janareta ne. In kana da sola da inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, a kanta za ka yi gwajin. Inbata mai araha kan sa moto gurnani da zafi.

Injinan ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama da yawa moton DC gare su, mai aiki da wuta irin ta batir, ba ruwansu da bugun wuta. Suna da 'yan sukurori biyu na saiti, ɗaya na 33 ɗaya na 45, a ƙasan injin ko kusa da moto. Yi wa wurin da suke alama da biro kafin ka taɓa, ka juya kaɗan-kaɗan kana ƙirgawa.

Allura

Allurar da ke kai ba ka san awa nawa ta yi ba, saboda haka ka ɗauka ta ƙare. Kan lu'ulu'un kan yi awa 500 zuwa 1000 kafin ya cinye, in ya cinye sai ya yi kaifi a gefe ya riƙa yankan layin faifai. Ko bai cinye ba, akwai 'yar roba a gindin siririn ƙarfen da ke riƙe da shi, ita ma ta sha zafin shekara 20, ta taurare ko ta saki. Alamar wadda ta saki ita ce cikin gidan allurar ya kusa gogar faifai.

Duba sunan da ke jikin gidan allurar. Allurar na zarewa ta gaba, ana sayar da ita ita kaɗai. Shure ta daina yin su a 2018, amma wasu kamfanoni na yin madadinsu, Audio-Technica da Ortofon da Nagaoka kuma na nan suna yi. In ta gagara samu, canja gidan gaba ɗaya da ƙaramin Audio-Technica ya fi sauƙi. Wayoyi huɗu ne sirara a bayansa: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama. Da ɗan hantsaki ake zare su, a riƙe ƙarfen bakin, ba wayar ba. Kada dalma ta kusanci ƙafafun gidan allura, zafin na tsinke wayar cikinsa.

Sai nauyi. Iyayenmu kan ɗora kwabo a kan hannun in allura na tsalle, faya-fayai da yawa a nan suka mutu. Daidai shi ne ka murɗa dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, ka juya zoben lambobin kaɗai zuwa sifili, sannan ka murɗa dunƙulen gaba ɗaya zuwa nauyin da mai allurar ya faɗa. Yawanci tsakanin giram 1.5 ne da 2.5, wasu masu araha na kai 3 ko fiye. In kana shakkar zoben, ƙaramin sikelin masu zinari na aunawa. Rage nauyi fiye da ƙima ba tausayin faifai ba ne, allurar kan riƙa karkarwa tana bugun bangon layi. Ɗan makunnin da ke gefen gindin hannu, mai hana shi zamewa ciki, ka sa shi a lamba ɗaya da nauyin.

Raunin sauti da gurnani

Ina kyautata zaton a ramin AUX na rediyon zamani ka jona shi. Wutar da gidan allura mai maganaɗisu ke fitarwa 'yar kaɗan ce, tana bukatar a ninka ta wajen sau 100. Kuma tun wajen yanka faifai ana rage kakkaurar murya a ƙara siririya bisa tsarin RIAA na 1954, sai amfilifaya ta mayar da su daidai. Ramin da aka rubuta PHONO ne ke yin aikin nan biyu. In naka ba shi da shi, ko ka nemo tsohuwar amfilifayar Baba in tana ɗakin, ko ka sayi ɗan akwatin fono da ake sawa a tsakani. Gurnani kuma, nemi siririyar waya ta uku da ke fitowa tare da ja da farar, ka ɗaure ta a sukurun GND na amfilifaya. Goge bakin filogan da sifirit, ka raba wayar sauti da ta wuta, kuma kada injin ya zauna a kan lasifika ko tebur mai karkata.

Faya-fayan ka tsayar da su a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba a jibge kwance ba. Wanke su da ruwan da aka tace irin na ƙara wa batir, ka tabbata ba mai asid ba ne, da ɗigon sabulun ruwa, kana bin layi da tsumma mai laushi, ba tare da jiƙa takardar tsakiya ba. Ruwan rijiya na barin farin gishiri a cikin layi in ya bushe. A inuwa za su sha iska. Da hunturu za ka ji ƙas-ƙas ya ƙaru, bushewar iska ce ke sa faifai jan ƙura, ba lalacewa ba ce. In a kwalin akwai masu nauyi da tauri da aka rubuta wa 78, ware su. Sifirit na narkar da irinsu, suna fashewa in sun faɗi, kuma gudunsu da allurarsu daban ne, wannan injin ba nasu ba ne.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, injin bai zo hannuna ba. Akwai inda aikin gida ke tsayawa: in moto na zafin da ba ka iya riƙe yatsa a kai, ko kana jin ƙauri, ko jikin injin na ɗan jan ka, ko gudun mai DC ya ƙi zama duk da saiti, wanda galibi tsofaffin kafasita ne. Haka in hannun na sarƙewa a tsakiyar faifai, ko gefe ɗaya ya yi shiru bayan ka goge komai, don wayoyin cikin hannu sun fi gashi kauri da kaɗan. Nan sai mai gyaran rediyo, kuma ka nemi dattijon da ya yi zamanin kaset. Ka tafi masa da takardar nan mai lambar ƙira da Hz da adadin juyin da ka ƙirga, ka ɗaure hannun a mazauninsa, ka cire faranti ka riƙe shi daban kafin ka hau babur.